Jijiyoyin Fijo: Bututun Birki, Layin Mai, Da Tarihin Da Ke Ƙarƙashin Mota



A unguwanninmu na cikin ganuwa, daga Yakasai zuwa Gwammaja, har yanzu akan ci karo da tsohuwar Peugeot 504 a kafe a ƙofar gida, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilasai, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Galibi ta marigayi maigidan ce, magada sun ji nauyin sayar da ita ga 'yan gwangwan. Idan aka dace wani cikinsu ya yi niyyar tayar da ita, abin da ke fara zuwa ransa shi ne fenti da sababbin kujeru. Bakanike na ƙwarai kuwa ba ya ko kallon fenti. Kwali zai shimfiɗa ya kwanta a ƙarƙashinta, ya bi wasu siraran bututu da suka taso daga gaba suka nufi baya. Wasu na kai mai daga tanki zuwa inji, wasu na kai man birki zuwa ƙafafu. Waɗannan bututu su ne jijiyoyin mota, kuma wanda ya san karatunsu zai iya gane shekarun da motar ta ratsa, da irin halin da ƙasar ke ciki a kowace shekara.

Ƙarfe ba baƙo ba ne a garin nan. Labarin kafuwar Kano kansa daga maƙera ya faro, Abagayawan da suka zo gindin Dala neman tama. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, manyan motocin ɗaukar gyaɗa suka biyo baya. Kanikawan farko a wuraren aikin Turawa suka koyi riƙon sufana: ma'aikatar jirgin ƙasa, sashen ayyuka na gwamnati, da garejojin kamfanoni irin su UAC da CFAO da SCOA. Wannan na ƙarshe, kamfanin Faransawa, shi ne ya daɗe yana dillancin Peugeot a Nijeriya, motar da bakinmu ya gyara wa suna ta koma Fijo.

An fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta shekara. Amma ba a Turai ta yi suna na gaske ba. Ƙasanta a ɗage yake, ba ta tsoron rami, injinta kuma ba shi da wani sirri da bakaniken ƙauye zai kasa ganewa. A 1975 ita ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. A wannan shekarar ce kamfanin PAN, wanda gwamnatin tarayya da Peugeot suka yi tarayya a kansa, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna.

Ga inda Kano ta shigo, kuma mafi yawanmu ba mu san da wannan ba. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Apapa ta cushe da ɗaruruwan jirage maƙare da siminti, jirgi kan yi watanni yana jiran layi. Kaduna kuma ta yi nisa da teku. Sai aka buɗe hanya ta sama: jiragen ɗaukar kaya na kamfanin UTA suka riƙa tasowa daga birnin Liyon na Faransa da sassan mota a akwatuna, su sauke a filin jirgin Kano, manyan motoci su kwashe su yi tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka zuwa Kaduna. An yi shekaru ana wannan jigila. Wato kafin Fijo ta zama 'yar Kaduna, sai da ta fara kwana a Kano a wargaje. Mai yiwuwa ne motar nan da awaki ke kwana a ƙarƙashinta ta taɓa ratsa Sahara ta sama, abin da kakanninmu fatake ke shafe watanni suna yi a kan raƙuma.

Zamanin kuɗi ne. Ƙarin albashin Udoji ya shigo aljihun ma'aikata a 1975 har da ariyas, malamin makaranta da akawu suka fara tunanin mota. Sannan a ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka harbe Janar Murtala Muhammad, ɗan cikin birnin nan, a baƙar Mercedes ɗinsa a Legas. Gwamnatin Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Daga nan ta zama motar kowa: ta kwamishina, ta 'yan sanda, ta alhajin Kantin Kwari, ta kai amarya. Doguwarta, wagon, ta mallake tashoshin mota, ta Zariya da Kaduna da Katsina da Maraɗi. A-kori-kurarta ta ɗauki hatsi. Akwai sauran masana'antu a lokacin, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, da ta manyan motocin Fiat a nan Kano, amma babu wadda ta shiga rayuwar talaka da basarake kamar Fijo. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Kaduna ba ta daina ba sai wajen 2006.

Mu koma ƙarƙashin motar. Birkin 504 da ruwa yake aiki. Idan direba ya taka, ƙafarsa na tura fistin a cikin masta, masta ta tura man birki cikin bututun ƙarfe wanda faɗinsa bai kai milimita 5 ba, man ya isa kowace ƙafa ya matse abin da ke riƙe taya. Dabarar duka a kan abu ɗaya ta dogara: ruwa ba ya matsuwa. Duk ƙarfin da aka saka masa a wannan baki, sai ya isar da shi wancan bakin. Iska kuwa tana matsuwa. Shi ya sa ƙwayar iska guda a cikin bututu ta isa ta sa birki ya yi laushi kamar an taka soso. A inda taya ke motsi, bututun ƙarfe ba zai jure ba, sai aka haɗa da gajeren tiyo na roba mai zare a ciki.

Motar da ta shekara goma a kafe, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya mutu ta hanyarsa. Man birki yana da wata ɗabi'a: yana zuƙar danshi daga iska. Sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 205, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen digiri 140. A doguwar gangara da kaya, birki na iya kai wannan zafi, man ya tafasa, tururi ya cika bututu, direba ya taka ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Wannan ruwan da man ya sha shi ne kuma ke cin masta da bututu ta ciki, inda ido ba ya gani. Tiyo na roba kuwa zafin Kano ne ajalinsa. Yakan tsattsage ta waje, ya kumbura ta ciki, har ya zama mai na iya wucewa amma ba ya iya dawowa, taya ɗaya ta riƙe, mota ta riƙa ja gefe guda.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda bakanike ke gane asalin mota daga tsatsarta. Fijon da aka haɗa a Kaduna ta rayu a Arewa, bututunta kan daɗe da kyau ta waje, domin ƙasarmu busasshiya ce. Wadda aka shigo da ita daga Turai kuwa, sau da yawa za ka tarar bututun ya zama kamar tsohon kwano, yana ɓarɓashi. Dalili shi ne a can gishiri suke watsawa a kan titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin ya manne a ƙarƙashin mota ya cinye ƙarfe. Matsalar ta dame su har kamfanin Volvo na Suwidin ya koma amfani da bututun haɗin jan ƙarfe da nikel tun 1976. Mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, mun gaji cutarta.

Yadda aka yi muka gaje ta labari ne na tattalin arziki. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, lasisin shigo da kaya ya yi wuya. A 1986 Babangida ya kawo SAP. Naira da ta fi dala daraja a 1980, kafin ƙarshen 1986 sai an haɗa uku zuwa huɗu ake samun dala ɗaya. Masana'antar da ke sayo sassanta da kuɗin waje ba ta da yadda za ta yi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar Kwatano, mu ce musu 'yan Kwatano ko Beljiyom, Yarabawa su ce tokumbo. Tare da su aka shigo da injina da giya da masta da kafireta da aka kwance daga motocin da Turawa suka yar. Daga lokacin ne kalmar Beljiyom ta tashi daga sunan ƙasa ta koma sunan daraja. Har yau mai sayen kayan gyara yakan fifita tsohon Beljiyom a kan sabo fil a kwali, saboda ya sha ganin sabon ya mutu a mako guda.

A Kano, cibiyar wannan ciniki ita ce kasuwar Ƙofar Ruwa, a bakin ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwa, ba nisa da dutsen da maƙeran farko suka zauna. Duk wanda zai tayar da 504 sai ya taka ta, ya bi rumfa-rumfa riƙe da tsohon tiyo a hannu yana gwadawa. Kuma a kan wannan hanyar ta Ƙofar Ruwa ce asibitin ƙashi na Dala yake. Ba wanda ya tsara haka, amma maƙwabtakar ta dace: abin da aka yi wa rowa a kasuwar, wani lokaci a asibitin ake biyan kuɗinsa.

Shekarun wahala sun haifar da dabaru, kuma a nan ne ra'ayinmu ya rabu biyu. Akwai dabarar da ta cancanci jinjina. Bakaniken da ya karɓi bututu miƙaƙƙe, ya lanƙwasa shi da hannu bisa siffar tsohon ba tare da ya karye ko ya toshe ba, ya buɗa bakinsa daidai yadda zai zauna a mazauninsa, wannan jikan maƙeran Dala ne ko da bai sani ba. Aikin yana da sharuɗɗa. Bakin bututun motocin Turai da yawa dunƙulalle ne, na motocin Japan kuwa a buɗe yake kamar bakin mazurari, kuma noti na iya ɗauruwa lafiya lau alhali bakin bai zauna ba, sai ranar da aka taka birki da ƙarfi ya tsiyaye. Amma akwai dabarar da sunanta ganganci. An ga inda bututun ƙafa ɗaya ya fashe, aka naɗe shi aka daddake da guduma, mota ta ci gaba da ɗaukar fasinja da birkin ƙafa uku. An ga inda aka sa bututun jan ƙarfe na firji, wanda girgizar hanya ke sa shi ya yi tauri ya tsage. An ga ruwan garin sabulu a madadin man birki. An ga an zuba baƙin mai, wanda ke kumbura duk wata roba da ke cikin masta. Talauci ne ya kawo su, gaskiya ne, amma fasinjan da ke kujerar baya ba a yi shawara da shi ba. Ba banza aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988 ba, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, a daidai shekarun da motocin ƙasar ke tsufa babu halin canji.

Bayan an ɗaura sabon bututu sai a fitar da iska, abin da kanikawa ke kira bilidin. Mutum biyu ke yi. Yaron gareji na kan kujerar direba, maigida na ƙasa da ƙaramin sufana, ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta. "Taka. Taka. Riƙe!" Maigida ya kwance ɗan noti, mai ya feso da kumfa, ya ɗaure. "Saki." A sake. Idan yaron ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iska ta koma, aiki ya dawo sabo, shi kuma ya sha faɗa. Yara da yawa a nan suka fara sanin cewa ran wani na iya rataya a kan ƙafarsu.

Layin mai shi ma da nasa tarihin, kuma ya fi na birki ɗaci. Tsarin 504 mai sauƙi ne: tanki a baya, bututu zuwa gaba, ƙaramin famfo a jikin inji wanda wata 'yar faifan roba ke bugawa a cikinsa, matata, sai kafireta da ke gauraya mai da iska. Fetur ɗin da ya daɗe a tanki yakan bushe ya bar wani danƙo kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kafireta waɗanda wasunsu allura ma ba ta shiga. Tankin da ba ya cika kuwa yana yin gumi ta ciki, ruwa ya taru a ƙasa, tsatsa ta biyo. To wace mota ce tankinta ke cika a shekarun 1990? An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, amma zamanin Abacha mutane kwana suke a layin gidan mai. 'Yan bumburutu suka cika bakin titi da galan da mazurari, wani man da ruwa, wani da kananzir, wani da ƙasa. Duk tankin Fijon da aka sauke yau aka girgiza, jan garin da ke zubowa daga ciki ragowar waɗannan shekaru ne. A lokacin ne aka saba ganin mota na tafiya da galan a ɗaure a sama ko a hannun yaron mota, tiyo ya zarce kai tsaye zuwa kafireta, saboda tanki ko famfo ya mutu. A watan Afrilu kuma, idan zafi ya haura digiri 40, mai kan zama tururi a cikin bututu mota ta mutu a tsakiyar hanya, direba ya jiƙa tsumma ya ɗora wa famfo. Wannan dabarar, aƙalla, tana da hujja a kimiyyance.

Idan faifan robar famfo ya yage, fetur na iya gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, inji ya lalace a hankali mai mota bai sani ba. Tsohon bakanike yakan zaro sandar gwajin mai ya shinshina. Hancinsa ne na'urarsa.

Gurɓataccen mai bai ƙare da mulkin soja ba. A Fabrairun 2022 kamfanin mai na ƙasa ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace, layuka suka dawo. Metanol yana cin roba, yana cin irin ƙarfen da ake zuba kafireta da shi. Daga ina aka yi lodin man? Daga tashar Antwaf, a ƙasar Beljiyom.

Abin da ke shirin ɓacewa ba motar ba ce kawai. Motocin yanzu injekta gare su, famfonsu na lantarki ne a cikin tanki, ƙarfin turinsa ya ninka na Fijo sau goma ko fiye, har tiyon da ya isa kafireta idan aka sa musu zai iya fashewa ya tada gobara. Da suka fara shigowa, kanikawa da yawa cire injektar suke su dasa kafireta, domin ita suka sani. Yau abin ya juya. Matashin bakanike na'ura yake jonawa ta faɗa masa ciwon mota, wanda kuma zai iya saita kafireta da kunne, ya juya sukuru har inji ya daidaita numfashi, yawancinsu furfura ta kama su. Su ba sa rubutu. Mu da muke rubutu ba ma zuwa wurinsu.

A littattafanmu na hikaya mota ado ce. Takan shigo labari don a nuna arziƙin saurayi, ta yi fakin, a buɗe ƙofa, ƙamshin turare ya fito. Idan marubuci na son kashe wani, sai ya rubuta cewa birki ya tsinke, shi ke nan, kamar birki igiya ce. Alhali a bayan wannan jimla akwai mutumin da ya ce a bari sai wata mai zuwa, da mai shagon da ya san tiyon jabu ne, da yaron da ya saki ƙafa da wuri ya ji tsoron faɗa. Labari guda ne cikakke, da masu laifi da masu uzuri, muke tattarawa a kalma uku. Mawaƙanmu na baka sun fi mu kula, sun waƙe direbobi da karen mota tun da daɗewa. Ga kuma harshen gareji kansa, wanda Hausa ta karɓa ta tauna ta mai da nata: totur, kuloci, salansa, lagireto, filogi, rewaya, mai faci. Wasu kalmomin za su tafi tare da kafireta idan ba a kama su a takarda ba. Wanda ke neman abin rubutu a cikinmu, ya sayi shayi ya je ya zauna a benci a gefen tsohon bakaniken Fijo, ya tambaye shi wace shekara ce aiki ya fi wahala. Ba zai ba da amsa da lambar shekara ba, zai ce zamanin wane, kuma daga nan hira ta kama.

Ita PAN an sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012, sannan a 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, waɗanda ba su haɗa komai da 504 ba sai tambarin zaki. Tun kuma da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, masu tsofaffin motoci sun shiga sabon lissafi, domin Fijo ba ta san tsimin mai ba. Wasu sun sake kafe ta. Wasu na duban iskar gas ta CNG, wadda ake ɗaura wa tukunya a but, a ja mata nata bututun ƙarfe ta ƙarƙashin mota zuwa inji. Ƙarfin iskar da ke cikin wannan tukunya ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa, kuma bututunta ba ya karɓar guduma, ba ya karɓar ɗaurin roba. A gefen tsohon layin mai da na birki zai kwanta, na uku a jere.